Yadda Ake Daidaita Saitin Ƙarfe na Doguwar Bindiga a Filin Harbi

Saitin ƙarfe shi ne ɗan tsinken nan da ke tsaye kusa da bakin bindiga, tare da abokinsa na baya da ake leƙawa ta cikinsa. Babu gilashi, babu batir, babu abin da ke jawo nesa kusa. Daidaita shi na nufin ka sa inda ka ɗora tsinke ya zama nan harsashi ke faɗawa, a nisan da kai ka zaɓa. Aikin ba shi da wuya, sai dai yana son mai haƙuri. Yawancin masu ƙarar da harsashi a banza saurin taɓa saiti ne ke cutarsu: su harba ɗaya, su ga ya kauce, su murɗa, su sake harbawa, su sake murɗawa, har kwali ya ƙare suna bin huda ɗaya-ɗaya a kan takarda. Huda ɗaya ba ta shaida komai. Gungun hudoji ne ke nuna inda bindiga ta dosa, kuma sai gungun ya matse kafin hannunka ya kai kan saiti.

Abin da za ka gama tun daga gida

Fara da sanin irin saitin da ke kan bindigarka, domin shi zai nuna maka kayan da za ka ɗauka. Na baya iri biyu ne. Akwai mai giɓi, wanda aka yanke masa baki kamar harafin V ko U, galibi yana kan bututu, da ɗan tazara daga ido. Akwai kuma mai zobe, wato 'yar ƙaramar ƙofa zagayayya dab da ido, wadda kake hango tsinken gaba ta cikinta. Mai zoben ya daɗe a duniya. Tun ƙarshen shekarun 1870 William Lyman yake ƙera irinsa a Amurka, kuma har gobe da shi ake gasar doguwar bindiga a wasannin Olamfik, inda da'irar maki goma ta allon mita 50 faɗinta milimita 10.4 ne kacal. Duk mai ganin saitin ƙarfe ya zama kayan da, ya dubi wannan adadin.

Sai ka duba yadda ake motsa shi. Wani yana da mamurɗi a gefe da sama, kana juyawa yana cewa ƙas, ƙas. Wani sukuru ne kawai babu ƙara. Wani ɗan tsani ne mai hawa-hawa da ake zurawa a ƙarƙashin saitin baya don a ɗaga shi. Wani kuma an zura shi ne ta gefe cikin gurbinsa, ba ya motsi sai an buga. Littafin da ya zo da bindigar zai gaya maka ƙimar kowane ƙas, ka karanta shi ka rubuta adadin.

Bayan ka buɗe bindigar ka tabbatar da idonka da yatsanka cewa babu harsashi a mazauninsa, bi kowane sukuru: na saitin gaba, na baya, da waɗanda suka haɗa ƙarfen bindiga da ƙotarta. Sukuru ɗaya mai kwance ya isa ya ɓata maka yini guda, kana zargin idonka alhali saiti ne ke rawa. Leƙa cikin bututu, ka goge maiƙon da ya taru.

Harsashi kuwa, ɗauki iri ɗaya: kamfani ɗaya, nauyi ɗaya, in da hali lambar rukuni ɗaya da ke jikin kwali. Ya zama shi ne wanda za ka ci gaba da amfani da shi, kuma lambar girmansa ta yi daidai da wadda aka zana a jikin bututu. Guda 30 zuwa 40 sun wadatar. Sauran kayan su ne abin toshe kunne, tabarau na kare ido, jakunkunan yashi biyu, takardun bara, wato waɗanda ake nufa da harbi, masu layukan murabba'i, rula, fensir, salatif na rufe tsofaffin hudoji, sukundireban da ya dace da bakin sukurun, da littafin rubutu. Mai saitin bugawa ya ƙara da ƙaramar guduma da ɗan sandan tagulla ko na roba mai tauri, don kada ƙarfe ya ji wa ƙarfe ciwo.

Dokar fili

A filin da hukuma ta amince da shi ake wannan aiki, da bindigar da kake da izinin riƙewa, kuma maganar jami'in fili ita ce ta ƙarshe. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi. Bakinta kullum yana kallon allo. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai tsinke ya hau abin bara. Ka san abin da ke bayan allonka. Idan aka ce a tsagaita, cire gidan harsashi, buɗe bindiga, sa 'yar tutar robar nan mai nuna bindiga fanko ce a mazaunin harsashi, ka ja da baya. Muddin akwai mutum a gaba yana canza takarda, ko murɗa saiti ba a yi, ko da bindigar fanko ce. Wannan na ƙarshen shi mai daidaita saiti ya fi mantawa, saboda hankalinsa na kan lissafi.

Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, bar bakinta a kan allo aƙalla daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Idan ta tashi da ƙara maras ƙarfi, ko ba ka ji naushinta a kafaɗa kamar kullum ba, tsaya cak ka kira jami'i a duba bututu, mai yiwuwa harsashi ya maƙale a ciki. Kunne kuma kada ka yi wasa da shi: ƙarar babbar bindiga ta haura desibel 140, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Zama da ɗora bindiga

Manufar zama a tebur ita ce a rage hannun mutum a cikin sakamako, a bar bindiga ta nuna halinta. Ɗora mariƙin gaba a kan jakar yashi. Mariƙin, ban da bututun. Bututu yana girgiza a lokacin da harsashi ke bi ta cikinsa, in ya jingina da wani abu mai tauri sai harbin ya tashi sama, ka daidaita saiti a kan ƙarya. Jaka ta biyu tana shiga ƙarƙashin gindin ƙota, hannunka na hagu (in kai badame ne) yana matsa ta ko sassauta ta don ɗaga baki ko sauke shi kaɗan-kaɗan. Tafin ƙafafu biyu a ƙasa, gwiwar hannu a kafe, gindin ƙota a lungun kafaɗa, ba da ƙarfin tsiya ba, ba kuma sako-sako ba.

Kuncinka ya sauka a wuri ɗaya a kan ƙota a kowane harbi, da nauyi ɗaya. In ya taimaka, manna ɗan salatif a wurin don fatarka ta riƙa gane shi. Ga gwaji mai sauƙi kafin harbin farko: ɗora tsinke a kan bara, rufe ido, ja numfashi biyu, ka saki jiki, sannan ka buɗe. In tsinken ya koma gefe, jikinka ne bai fuskanci allo ba. Gyara zamanka da jakunkuna, kada ka ja bindigar da ƙarfin damtse, domin damtse zai saki a daidai lokacin da ta tashi.

Abin da ido zai gani

A nan aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Abubuwa uku ne a gabanka: saitin baya, tsinken gaba, da abin bara can nesa. Idon ɗan Adam ba ya iya ganin ukun tar a lokaci guda, dole ya zaɓi ɗaya. Zaɓi tsinken gaba. Kansa ya fito fes har ka ga gefunansa, saitin baya ya ɗan yi hazo, abin bara ma ya yi dishi-dishi. Zuciya takan ƙi wannan, tana son kallon abin da ake nufi, amma dalilin a lissafe yake. A ce tsakanin saitin baya da na gaba santimita 50 ne. Idan tsinke ya kauce daga tsakiyar giɓi da milimita 1 tak ba ka lura ba, harsashi zai kauce da santimita 10 a mita 50, da santimita 20 a mita 100. Idan kuwa saitin biyu suna jere daidai, bindigar ce gaba ɗaya ta ɗan yi lilo a kan bara da santimita 2, to kuskuren santimita 2 ɗin ne kawai. Kuskuren jeri yana girma da nisa, shi ya sa ake ba shi ido.

A saiti mai giɓi, kan tsinke ya yi daidai da kafaɗun giɓin, bai ɗara ba bai gaza ba, hasken da ke damarsa da na hagunsa su zama ɗaya. A mai zobe, kan tsinke ya zauna a tsakiyar da'ira. Kada ka tsaya aunawa, ido da kansa yana neman tsakiyar zobe in ka ƙyale shi. Ƙaramar ƙofar tana kuma ƙara zurfin gani, wato na kusa da na nesa su fi fitowa tare, shi ya sa wanda ya haura shekara 40, idonsa ya fara ƙin abin kusa, yakan fi jin daɗin mai zobe.

Sai ka yanke shawarar inda za ka ɗora tsinke, ka tsaya a kai har ƙarshe. Hanya ta farko, kan tsinke ya raba baƙar da'ira biyu, harsashi ya faɗa daidai kan tsinken. Ta biyu ita ake kira riƙon ƙarfe shida, kamar a fuskar agogo: da'irar tana zaune a bisa tsinke, ana daidaita saiti yadda harsashi zai tashi ya faɗa tsakiyarta. Ta biyun ta fi sauƙin maimaitawa, domin baƙin tsinke a cikin baƙar da'ira yakan ɓace wa ido. Amma tana aiki ne da girman da'ira guda a nisa guda, ana canza ɗaya ta rushe. Ga mai harbi a nisa dabam-dabam, ni na fi son a haɗa su: riƙa ɗora tsinke a ƙasan da'ira don ganin ya fita, amma ka daidaita har hudojin su taru a daidai wannan gefen na ƙasa, inda kan tsinken yake. Ka samu sauƙin gani, ka kuma samu bindigar da ke bugun inda tsinke ya nuna. Girman da'irar ya kasance kusan faɗin tsinke in ka hango ta. A mita 50, mai faɗin santimita 11 zuwa 15 takan yi.

Jan kunama kuma: ja numfashi, ka sake shi, a ɗan tsaikon da ke biyo baya ka fara matsawa a hankali, kai-tsaye zuwa baya, da tsokar gaɓar farko ta yatsa. In daƙiƙa bakwai ko takwas suka wuce ba ta tashi ba, janye yatsa ka sake numfashi, domin ido ya fara gajiya. Bayan ta tashi kada ka ɗaga kai don leƙen allo. Zauna yadda kake, ka tambayi kanka ina tsinke yake a lokacin da ta tashi. Wannan amsar za ta yi maka amfani nan gaba kaɗan.

Fara a mita 25

Kada ka fara a mita 100. Bindigar da saitinta ya kauce sosai ba za ta taɓa takardar ba ma, ka rasa ta inda za ka gyara. Kafa babbar takarda a mita 25.

In bindigarka mai sakata ce da ake zarewa ta baya, akwai dabarar rage asara. Zare sakatar, kafa bindiga a kan jakunkuna, leƙa ta cikin bututu har baƙar da'ira ta zauna a tsakiyarsa. Ba tare da ka motsa ta ba, ɗaga ido ka dubi saiti. In shi ma yana kan da'irar, kun yi kusa. In ya yi nisa, matso da shi tukuna. Wannan kan takarda kawai zai kai ka, ba ya maye gurbin harbi.

Harba biyu na share fage, domin bututun da aka goge da mai yakan jefa harsashin farko wani wuri dabam. Rufe hudojinsu da salatif. Yanzu harba biyar, a natse, kowanne da riƙo ɗaya da wurin ɗora tsinke ɗaya. Ko ka hango na farko ya faɗa can gefe, kada ka karkata don ramawa. Wasu suna yin uku don tsimi, kuma ya isa a zagayen farko in kaucewar babba ce, amma uku sukan taru bisa sa'a su ruɗe ka. Biyar sun fi gaskiya.

Da aka ba da izinin zuwa allo, dubi faɗin gungun kafin ka dubi inda yake. A ganina, a mita 25 daga kan jaka, in biyar ɗin suka shiga cikin santimita 3, kana iya fara gyara. In sun bazu kamar tafin hannu, bar saiti, ka koma kan zama da kunama.

Nemo tsakiyar gungu haka: ja layi a tsaye ta kan hudar da ke tsakiya, biyu a damarta biyu a hagunta. Ja wani a kwance ta kan wadda ke da biyu a sama biyu a ƙasa. Mahaɗar layukan ita ce tsakiya. Mai son ƙarin daidaito ya auna nisan kowace huda daga wurin bara, ya tara, ya raba da biyar, na gefe dabam na tsaye dabam. Huda guda da ta yi nisa da 'yan'uwanta ana cire ta daga lissafi ne kawai in tun kafin ka ga takarda ka san ka fizgi kunama a wannan harbin. In ba ka san dalilinta ba, tana cikin lissafi. Daga nan auna da rula: tsakiyar tana santimita nawa dama ko hagu, santimita nawa sama ko ƙasa. Rubuta.

Wane gefe, kuma nawa

Ƙa'idar gajeriya ce, amma ita ce aka fi juyawa. Saitin baya yana tafiya inda kake son harsashi ya koma. Saitin gaba yana tafiya akasin haka. Gungu ya faɗa hagu, kana son ya dawo dama: tura na baya dama, ko ka tura na gaba hagu. Gungu ya faɗa ƙasa: ɗaga na baya, ko ka rage tsayin tsinken gaba. Bindigar da ke bugun sama alhali na baya ya sauka iyakarsa, tsinke mafi tsayi take buƙata. Kibiyoyi da haruffan da ke jikin mamurɗi, irin su U (sama) da R (dama), galibi inda harsashi zai koma suke nunawa. A tsinken gaba na bindigogi ƙirar AR-15, juyawa ta gefen da aka rubuta UP nutsar da tsinken yake yi, shi ya sa harbin ke tashi. Kada ganin tsinke na sauka ya sa ka zaci ka yi kuskure.

Masu ƙas ana auna su da MOA, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri. MOA ɗaya santimita 2.9 ne a mita 100, 1.45 a mita 50, kimanin 0.73 a mita 25. Mai aiki da yadi ya riƙe cewa inci ɗaya ne da ɗan ɗoriya a yadi 100. Ƙimar ƙas ta bambanta: a M1 Garand ta asali, tsohuwar bindigar sojan Amurka, kowane ƙas MOA ɗaya ne, a saitin gasa ana samun rabi, kwata, har ƙasa da haka. A ce a mita 50 tsakiyar gungunka tana santimita 6 hagu, santimita 4.5 ƙasa. Raba 6 da 1.45, ka samu kusan 4. Raba 4.5 da 1.45, ka samu kusan 3. Kana buƙatar MOA 4 zuwa dama da MOA 3 zuwa sama. In ƙas ɗinka MOA ɗaya ne, ƙas huɗu da ƙas uku. In rabi ne, takwas da shida. Lura cewa a mita 25 kowane ƙas rabin abin da yake yi a mita 50 yake yi, don haka santimita 6 a can ƙas ninki biyu za ta ci. Mutane da yawa suna murɗa biyu a kusa, su ga kamar babu abin da ya canza, su ce saiti ya lalace.

In ba ka san ƙimar ƙas ba, auna ta da kanka. Harba gungu, murɗa ƙas goma gefe guda, harba wani, auna tazarar tsakiyarsu, ka raba da goma.

Saitin bugawa lissafinsa dabam. Ninka kuskuren da tazarar da ke tsakanin saitin biyu, ka raba da nisan allo, duk a ma'auni ɗaya. Kuskure santimita 6, tazarar saiti santimita 50, nisa mita 50 wato santimita 5,000: 6 sau 50 ya ba da 300, a raba da 5,000, ya zama santimita 0.06. Milimita 0.6 ke nan, bai kai kaurin katin banki ba. Wanda bai yi wannan lissafi ba yakan kai wa saiti duka ɗaya mai ƙarfi ya wuce da ninki biyar. Kafin ka buga, fitar da harsashi, buɗe bindiga, ja siririn layi da fensir ya ratsa gindin saiti da bututu don ka ga iyakar motsin. Duba ko akwai ɗan sukurun da ya danne shi, ka kwance. Kafa bututun a kan katako ko tsumma mai kauri, sa sandan tagulla a gindin saiti, ba a jikin tsinke ba, ka riƙa ƙwanƙwasawa a hankali kana duban layin fensir. In ya ƙi motsi, kai wa maƙerin bindiga, yana da abin matsawa na musamman. A irin wannan saiti na fi son a gama da dama da hagu kafin a taɓa sama da ƙasa, don kada abubuwa biyu su cakuɗe.

Bayan kowane gyara, sabon gungu. Zagaye biyu ko uku sukan isa. Ka kuma san lokacin tsayawa: in gungunka faɗinsa santimita 3 ne, tsakiyarsa ta kauce da rabin santimita, wannan ba kuskuren saiti ba ne da za ka iya tabbatarwa, gungu na gaba yana iya faɗawa ɗaya gefen.

Matsawa zuwa nisan gaske

A mita 25 ka dage a kan dama da hagu, domin santimita 1 a nan zai zama 4 a mita 100. Sama da ƙasa kuwa kada ka matsa masa tukuna, ga dalili. Saiti yana bisa bututu, don haka bututun yana ɗan kallon sama in an gwada shi da layin ido. Harsashi yana fita a ƙarƙashin layin, ya hau ya same shi, sau da yawa ya ɗan haura, sannan nauyinsa ya dawo da shi ya sake ratsa layin yana sauka. Inda ya kamata ya faɗa a mita 25 ya danganta da tsayin saiti da nisan da kake nufi. A AR-15 saiti yana kimanin santimita 6.5 sama da tsakiyar bututu, don haka mai son daidaito a mita 100 zai ga hudojinsa santimita 3 zuwa 4 a ƙasan wurin bara a mita 25, kuma hakan daidai ne. A bindigar farauta mai gajeren saiti bambancin bai kai haka ba.

Ƙaramar bindiga mai harsashin .22 LR, wanda nau'insa na gama-gari ke fita da gudun kusan mita 330 a daƙiƙa, an fi daidaita ta a mita 50, daga nan zuwa mita 100 harsashin zai sauka da santimita 20 zuwa 25. Manya irin .308 Winchester, masu gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa, mita 100 ne gidansu. Tsofaffin bindigogin soja irin Mauser K98k suna da ma'aunin nisa a jikin saitin baya daga mita 100 zuwa 2,000. Sa shi a kan lambar nisan da kake harbi kafin ka fara, kuma kada ka yi mamaki in ta bugi sama ko ƙasa, an yanka lambobin ne don harsashin zamaninta.

Matsa allo zuwa 50, harba gungu, gyara. Sannan 100 in can ka nufa. Jadawalin saukar harsashi da ke jikin kwali jagora ne kawai, takardar da ke nisan gaske ita ke yanke hukunci. A mita 100 da saitin ƙarfe, gungu mai faɗin santimita 8 zuwa 10 aiki ne mai kyau.

In gungu ya ƙi matsewa, ko ya riƙa yawo

Siffarsa takan nuna mai laifi. In ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, duba numfashi, tsayin tsinke a cikin giɓi, da wurin kunci. In ya miƙe a kwance, duba jan kunama da iska. In hudojin suna tafiya gefe guda a jere yayin da kake ci gaba da harbi, bututu ne ya yi zafi. Buɗe bindiga ka bar ta ta huce, har ka iya riƙe bututun da hannu ba tare da ƙuna ba. Siririn bututun farauta ya fi saurin wannan.

Akwai zabura, wato jiki ya tsorata da naushin da ke tafe ya tura kafaɗa kafin harsashi ya fita. Mai yi ba ya sanin yana yi. Gwajinsa shi ne abokinka ya cakuɗa harsashin roba na atisaye a cikin na gaske ba ka gani ba. In ka ja kunama a kan na robar bakin bindiga ya yi sujada, ka kama ɓarawon. Maganinsa atisayen ja ba harsashi, da hutu, da ninka abin toshe kunne, domin ƙara na cikin abin da ke jawo shi. Masu .22 su sa harsashin roba a irin wannan atisaye, saboda a wasu bindigogin allurar tana dukan gefen mazauni.

Karkata bindiga ma yana da tasiri: in ta kwanta dama, harsashi zai tafi dama ya ɗan sauka. Rana in ta haska gefe ɗaya na tsinke, ido yakan ɗauki wurin ƙyallin a matsayin tsakiya, harbi ya gudu daga gefen ranar. Masu gasa suna baƙanta tsinke da hayaƙi don kashe ƙyallin. Iska mai ratsawa da gudun kilomita 16 a awa tana iya ture harsashin .22 da santimita 2 zuwa 3 a mita 50, fiye da 10 a mita 100. In ka daidaita a cikinta, ka dasa iskar ranar a cikin saitinka. Zaɓi safiya mai natsuwa, ko ka riƙa harbi a lokacin da tutocin fili suka kwanta.

Tabbatarwa da adanawa

In gungu ya zauna inda kake so, ɗaure duk sukurun da ka kwance, ka bar bindiga ta huce sarai, ka harba gungu na ƙarshe a sabuwar takarda, domin ɗaurin kansa yakan ɗan motsa saiti. Daga nan sauka daga tebur ka gwada a yanayin da za ka riƙa harbi, a kwance ko a durƙushe ko da maɗaurin kafaɗa. Sau da yawa wurin faɗawar yana ɗan canzawa, musamman in maɗaurin yana jan bututu. In canjin ya maimaitu a gungu biyu, bi shi.

Sa ɗigon fenti ko jan farce a mahaɗar saiti da gurbinsa, yadda kallo ɗaya zai nuna maka in ya goce. A mai ƙas, ƙirga ƙas nawa ne daga can ƙasa zuwa inda ka tsaya, ka mayar, ka rubuta adadin. A littafinka sa kwanan wata, nisa, irin harsashi da nauyinsa, yadda ka ɗora tsinke, da yanayin iska da haske, ka ajiye takardar ƙarshe a ciki. Za ka sake dubawa duk ranar da ka canza harsashi, ko bindiga ta faɗi, ko aka raba ƙarfenta da ƙota, ko ka yi sabon tabarau. Bindigar da wani ya daidaita ma sai ka gwada da idonka, domin mutum biyu ba safai suke ganin tsinke iri ɗaya ba.

Kafin ka tashi, cire gidan harsashi, buɗe, duba mazauni, sannan ta shiga jakarta. Wanke hannu da fuska da sabulu kafin ka kai komai baki, saboda ƙurar dalma da ke fita tare da hayaƙin harbi tana manne wa fata da tufafi, kuma ta fi illa ga yara ƙanana, don haka kayan da ka sa a fili a wanke su dabam.